Gargaɗi ga kafintocin Maraɗi: mai tallar injin zarto a WhatsApp

Salamu alaikum ƴan uwa masu sana'ar katako. Akwai wani mutum da ke watsa bidiyo a WhatsApp yana tallar ƙaramin injin zarton nan na kan tebur, mai siririn ruwan zarto kamar tsinke da ke hawa da sauka, wanda ake fitar da haruffa da furannin kan gado da shi. Ni dai ya cinye mini jika 85, kuma har yau bai daina ba.

Ɗan ƙanwata na so in saya wa. Shekararsa biyu yana gugar katako a shagona a unguwar Zariya, ga shi da hannun zane, kuma injin ya dace da mai koyo tunda ba ya fizgar katako kamar babban zarto mai faifai. Mutumin ya ce kayan na Katsina, in tura kafin alƙalami. Na tura jika 40. Bayan kwana uku ya kira: "Maigida, an tsare kayan a Ɗan Isa, a taimaka da jika 10 in fitar." Tun nan ya kamata in farga, amma wanda ya riga ya zuba 40 ba ya son jin an ce ta faɗa ruwa.

Ya kawo shi da magariba a bayan ɗan kabu-kabu, daidai an ɗauke wuta, yana ta duba agogo wai motar Damagaram za ta bar shi. Na haska da fitilar waya, na ga takarda a jikin moto an rubuta 220V, na cika masa jika 35.

Da safe yaron ya jona. Injin ya yi wani irin kuka, ko minti ɗaya bai cika ba ƙauri ya cika shago, hayaƙi na fita ta ƙasa. Mai naɗin moto da na kai wa kusa da babbar kasuwa bai ma kwance shi ba. Farce ya sa ya ɓamɓare takardar, sai ga ainihin farantin ƙarfe: 120V, 60Hz. Kayan Amurka ne, mu kuwa wutarmu 220V ce, 50Hz, in babu taransifoma ƙonewa zai yi. An yanke kan wayarsa na asali an ɗaura irin namu mai ƙafa biyu, ga ma tef ɗin a wurin.

Duk mai son irin wannan inji, a kunna shi a gabanka, da rana, ka yanka guntun katako da hannunka. Karanta farantin ƙarfe, kada ka kula da takardar da aka manna. Ɗora kwabo a kan teburin yana aiki. In ya yi ta tsalle har ya faɗo, layinka ba zai taɓa miƙewa ba. Ka kuma duba wane irin ruwan zarto yake ci. Tsawonsu wajen santimita 13 ne, amma iri biyu ne: mai ɗan ƙusa a kai da marar ƙusa. Mai ƙusa ya fi sauƙin ɗaurawa, sai dai ba ya shiga ƙaramar huda, kenan cikin ƙananan haruffa ya gagare ka. Dozin ɗin da ya ba ni "kyauta" duk masu ƙusa ne, rabi sun yi tsatsa.

Na kai ƙara wurin ƴan sanda. Lambar da na sani a kashe take, amma shekaranjiya wani abokina daga Tibiri ya turo mini bidiyon nan dai da sabuwar lamba. Za ku gane shi: injin na kan shuɗiyar leda, hannu mai zoben azurfa yana yanka siffar raƙumi, fuska ba ta fitowa. Wanda ya ci karo da shi ya ɗauki hoton lambar ya turo mini in haɗa da takardun ƙarar.