Ofishin lauyar da ta gyara mana takardun coci a Jos

Mutane da dama a zumuntar dattawa sun tambaye ni wa ya yi mana aikin takardun cocinmu, kuma ko ya cancanci kuɗin da muka biya, to bari in faɗa a nan sau ɗaya kowa ya karanta. Ni ina cikin amintattun wata ƙaramar ikilisiya ce a Tudun Wada, mu biyar aka rubuta a rajistar cocin tun farko, biyu sun riga mu gidan gaskiya. Ofishin kuma ƙarami ne, a saman bene kusa da Ahmadu Bello Way, lauya mace ɗaya da yaro ɗaya mai buga takardu da kuma wata da ke karɓar baƙi.

Yadda muka faɗa hannunta shi ne ma'ajinmu ya je banki canja masu sa hannu a asusun coci, aka ce masa sai ya kawo shaidar cewa rajistarmu da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, tana raye, da kuma satifiket na SCUML. Ya dawo ranar Lahadi bayan sujada yana tambaya mene ne SCUML, babu wanda ya sani a cikinmu. Mu dai tun 2016 wani ejan ya yi mana rajista, ya kawo satifiket muka sa a firam muka rataye a ofishin fasto, a tunaninmu magana ta ƙare ke nan. Ejan ɗin bai taɓa ce mana akwai abin da ake kaiwa duk shekara ba, kuma lambarsa ma ta daina shiga tun tuni.

Ranar farko da na hau benen nan da fayil ɗinmu, abin da ya fara kwantar min da hankali shi ne ba ta fara da maganar kuɗi ba. Ta juyo min da kwamfutarta ta buga sunan cocinmu a shafin binciken CAC, wanda ashe kowa zai iya dubawa daga wayarsa kyauta, sai ga sunanmu an nuna ba ma aiki. Gabana ya faɗi sosai don na ɗauka an soke mu ne. Ta ce, "Baba kwantar da hankalinka, ba a soke ku ba, bashin rahoton shekara ne ya taru muku, za mu biya shi ɗaya bayan ɗaya." Sai ta ɗauki farar takarda ta rubuta shekarun a jere da hannunta, ta bayyana min da Hausa tsantsa cewa amintattu suna kai rahotonsu ne tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba, tare da bayanin kuɗin da ya shiga da wanda ya fita, kuma duk shekarar da aka tsallake akwai tara. Takardar nan har yanzu tana cikin Littafi Mai Tsarki na.

Inda aikin ya yi nauyi shi ne maye gurbin dattawanmu biyu da suka rasu. Ni na zata sunaye kawai za mu aika, ashe sai an kira taron ikilisiya yadda tsarin mulkinmu ya tanada, a rubuta abin da aka tattauna, shugaba da sakatare su sa hannu, sababbin amintattun su yi rantsuwa a kotu, a buga sanarwa a jarida sannan a jira kwana 28 ko wani zai fito ya ce bai yarda ba. Ta kuma tambaye mu kai tsaye ko cikin waɗanda muka zaɓa akwai wanda kotu ta taɓa kamawa da laifin zamba cikin shekara 5 da suka wuce, don doka ta hana irinsa zama amintacce. Wani dattijo ya ji haushin tambayar, ta ba shi haƙuri cikin ladabi amma ba ta janye ba, kuma gaskiya a nan ne na ƙara ganin girmanta. Ita ce ma ta gano sunan Mama shugabar zumuntar mata da ke kan NIN ɗinta ya bambanta da na takardar rantsuwa da harafi ɗaya, ta sa aka gyara kafin a tura, da an dawo mana da shi mun sake wani zagayen.

SCUML kuma ashe wani sashe ne a ƙarƙashin EFCC mai sa ido kan safarar kuɗin haram, kuma satifiket ɗin kyauta ake ba da shi. Ta faɗa mana haka da bakinta, ta ce kuɗin wahalar cike fom da tura takardu kawai za ta karɓa, alhali wani a bakin banki ya riga ya yanka wa ma'ajinmu kuɗi mai yawa wai shi zai "sayo" mana. Wannan kaɗai ya isa in ba kowa shawarar zuwa wurinta.

Wasu daga cikin dattawanmu tun 2020 suke tsoron duk abin da ya shafi CAC, lokacin da Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar CAMA ta kamfanoni da ƙungiyoyi kuma ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta yi ta ƙorafi kan sashe na 839 da ke maganar dakatar da amintattu a naɗa masu riƙo. Barista ta zo cocinmu da kanta wata Asabar da yamma, ta zauna a bencin gaba ta saurari kowa, ba ta raina tsoronsu ba, ta ce maganar ta kai har kotu, amma ɓoye kai ba ya kare coci, littafin baiko da zakka da aka rubuta tsaf shi ke kare ta. Ta kuma tuna mana cewa ko da ba a cire haraji a baiko, albashin fasto da mai gadi akwai harajin da ake cirewa a kai wa hukumar tara haraji ta jihar Filato. Wannan bai yi wa kowa daɗi ba amma mun fara.

Yanzu abin da ban ji daɗinsa ba. Samunta a waya wahala ne, safiya duk tana kotu, ka kira sau uku sai dare ta amsa da gajeren saƙo, kuma yaron ofishin ba ya iya ba ka amsar komai sai dai ya ce Barista ta fita. Sannan lissafin farko da ta ba mu babu kuɗin buga jarida a ciki, sai daga baya ya fito, ni kuma na riga na tsaya gaban ikilisiya na faɗi adadi, komawa in nemi ƙari ya yi min nauyi ƙwarai. Na faɗa mata, ta amsa kuskurenta ne ta nemi gafara, amma duk mai zuwa ya roƙi a rubuta masa komai da komai tun ranar farko, har kuɗin rantsuwa da na tara. Benen ma tsaye yake, dattijonmu mai ciwon gwiwa a ƙasa ya zauna aka sauko masa da takarda ya sa hannu.

Duka aikin ya ɗauke mu wajen wata huɗu, yanzu asusun ya buɗe kuma sunanmu ya koma yana aiki. Saura maganar fili, don takardar sayen filin cocin da sunan marigayi dattijonmu aka yi ta, 'ya'yansa mutanen kirki ne sun yarda za su sa hannu a mayar da ita sunan amintattu. Barista ta ce kada mu ɗora ko bulo ɗaya a sabon ɗakin makarantar Lahadi sai an gama wannan kuma JMDB, hukumar da ke kula da gine-gine a birnin Jos, ta amince da zanen ginin. Ranar Talata ni da babban ɗan marigayin za mu koma wurinta da asalin takardar.