An toshe wa ƙanena hujin jijiya ba tare da an buɗe ƙirjinsa ba

Ƙanena direban adaidaita sahu ne. 'Yan ƙwacen waya suka tare shi wajen Ƙofar Ɗan Agundi bayan isha'i, suka soke shi a ƙasan ƙashin wuya. Asibitin farko suka ɗinke fata suka sallame mu. Bayan mako uku wurin ya kumbura kamar ƙwan kaza, in ka ɗora yatsa sai ka ji yana bugawa, hannun kuma ya yi sanyi. Da aka yi hoto aka ga ashe wuƙar ta huda babbar jijiyar da ke kai jini hannu, jinin yana ta taruwa a gefe.

Likitan da aka tura mu wurinsa ya ce min: "Yallaɓai, in tiyata za a yi, sai an bi ta ƙashin, wataƙila har a buɗe ƙirji. Amma akwai sitent." Ya nuna min samfuri a tafin hannunsa: 'yar ragar ƙarfe mai kaurin biro, an lulluɓe ta da wani abu kamar farar leda. Ƙarfen haɗin nikel ne da titaniyom, a matse ake shigar da shi, ya buɗe da kansa a ciki, ya rufe hujin, jini ya ci gaba da wucewa.

Ta gindin cinya aka zura, suna kallon hanya a allo. Allurar kashe zafi kawai aka yi masa, har yana jin hirarsu. Kafin magariba na taɓa yatsunsa na ji ɗumi. Shi kuwa abin da ya dame shi kwanciyar awa shida ba lanƙwasa ƙafa. Ya ishe mu da mita.

Aikin kam ban ga aibunsa ba. Inda na yi ƙorafi shi ne jira: ba sa ajiye sitent ɗin, sai da muka biya aka yi odarsa daga Legas, kwana tara Hajiya ba ta runtsa ba. Kuɗin kuma sai da kekensa ya tafi. Sannan ba wanda ya gaya mana tun farko cewa zai daɗe yana shan asfirin da kilofidogirel don kada jini ya daskare a bututun, ga komawa hoto lokaci-lokaci. A bakin mai ba da magani muka fara ji.

Duk wanda aka ce za a yi wa nasa, ya tambayi waɗannan kafin ya sa hannu. Tabon cinyar dai bai kai ƙwayar wake ba, jiya ma shi ya ɗauko wa Hajiya buhun gawayi da wannan hannun.