Boxer na hannu ko roba-roba: amsa ga ƙaninmu da zai fara hawa

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tunda ka tambayi mashin ɗin da za ka saya tsakanin Boxer na hannu da roba-roba, wato ƙaramin mashin mai rufin roba, ɗauki Boxer. Dukansu biyu na riƙe, shi ya sa nake gaya maka kai tsaye.

Nawa Bajaj Boxer ne mai inji 100, na saye shi a hannun wani malamin makaranta a Pantami, cikin Gombe, wanda daga gida sai wurin aiki yake kai shi. Shekara biyar ke nan muna tare. Da shi nake zuwa gona ta hanyar Dukku, na ɗora buhun taki a baya, na ratsa yashi da kwarin da ruwa ya zaizaye, cikinsa bai taɓa bugun ƙasa ba. Wata damina ruwa ya kama ni a hanyar Kumo bayan magariba, mashin ya mutu. Na kwance fulogi na goge da gefen riga, na mayar, bugu biyu ya tashi ya kawo ni gida. Tun ranar na ƙara ƙaunarsa. Ga shi ba ya shan mai, abin da kowa ya san darajarsa tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Kayansa kuma ko a ƙauye ka tsaya za ka samu, don shi 'yan acaɓa suka fi hawa, kowane bakanike ya san cikinsa.

Roba-roba yana da daɗin koyo tunda babu kulochin hannu, kuma ya dace da kwalta a cikin gari. Iyakarsa ke nan a wurina. Sabon mahayi sai ya faɗi ko sau ɗaya, robobin nan kuwa da sun fashe sai ɗauri da waya. Kada kulochi ya tsorata ka, kwana uku a fili da yamma ya isa hannunka ya saba.

Ba ka tambayi yadda ake duba mashin kafin saye ba, amma zan faɗa, don a nan aka cuce ni lokacin da na sayi roba-roban. Dillalin ya zuba masa baƙin mai mai kauri don ya ɓoye ƙarar inji, ya kuma ɗumama shi kafin na iso. Sati biyu ya fara fitar da shuɗin hayaƙi, ashe ringi da fistin sun gama aiki. Saboda haka ka je da sassafe, ka taɓa injin ka ji da sanyi, a tayar a gabanka. Ka dubi kusoshin inji: idan kansu ya cinye, an sha buɗe shi. Sabon fenti da sabuwar rigar kujera kada su ɗauke maka hankali, da su ake rufe Boxer da ya gaji da acaɓa. Ka tafi da bakanikenka, ba wanda dillali ya nuna maka ba. Sannan lambar inji da ta jikin ƙarfen mashin su yi daidai da na rasit, a rubuta takardar ciniki da shaidu. Ka ga alamar an kankare lamba, bar wurin ko nawa aka rage maka, na sata ne ke zuwa haka.

Idan ka saya, kada ka ƙarar da kuɗinka kaf a kan ciniki. Ranar farko ka juye baƙin mai, kusan lita ɗaya yake ci, ka sa sabon fulogi, a wanke kafireta, a duba birki gaba da baya. Sarƙa da haƙoranta tare ake canza su, in ka sa sabuwa a kan tsofaffin haƙora nan da nan za ta lalace. Da hunturu matatar iska takan toshe da ƙura, a riƙa wanke ta akai-akai. Ƙarin da na ga amfaninsa kawai shi ne fitila mai haske da taya mai kyau a baya. Salansa kuwa bar ta yadda kamfani ya yi ta, kuɗin ka sayi hular kwano da kwaɗo mai ƙarfi. Idan ka samu wanda ya kwanta maka, turo hotonsa nan mu duba tare kafin ka biya.