Kamfanin da ya shirya mu kafin binciken sirrin marasa lafiya

Ni dai ina aiki a wani asibitin masu jinyar shaye-shaye a nan Amurka, da aka gyara dokar 42 CFR Part 2, wato dokar kare sirrin masu jinyar shaye-shaye, a 2024 aka ce kowa ya gama gyara takardunsa zuwa 16 ga Fabrairu 2026, hankalinmu ya tashi wallahi, shi ne oga ya ɗauko wani kamfani su bincike mu tun kafin jami'an gwamnati su zo.

Gaskiya sun iya aiki. Sun zazzage fom ɗin amincewa da muke ba marasa lafiya, suka nuna mana yanzu sa hannu ɗaya ya isa ga magani da biyan kuɗi da harkokin asibiti, amma bayanan da mai ba da shawara yake ajiyewa daban sai an nemi izini na musamman. Abin da ya fi burge ni, ɗayansu ya bugo waya kamar yayan wani majinyaci yana tambaya ko ƙaninsa na nan, don ya ga ko za mu amsa, alhali ko ɗan sanda ne ya zo ba umarnin kotu ba a cewa eh. Mutum ya yi ta maza ya zo neman magani, in sirrinsa ya fita zai iya rasa aiki, wani ma ba zai ƙara dawowa ba.

Matsalarsu tsada, kuma rahoton nasu ya cika turancin lauyoyi, sai da muka sake kiransu suka yi mana bayani dalla-dalla.