Hostel, gidan haɗaka ko gidan iyali: ina ya kamata ɗalibi ya sauka a Sifaniya?

In ka samu gurbin karatu a Sifaniya to tun kafin biza ta fito ka fara lissafin wurin kwana, don shi ne zai cinye kaso mafi tsoka na kuɗinka duk wata. Zaɓi uku ne a gabanka, ko hostel na ɗalibai, ko ka kama ɗaki a gidan haɗaka, ko kuma ka zauna da wani iyali.

Hostel ɗin iri biyu ne, akwai colegio mayor wanda ke jingine da jami'a, sai residencia wadda galibi ta 'yan kasuwa ce. Daɗinsu shi ne komai a haɗe yake, wuta da ruwa da intanet da shara, wasu har da abinci sau uku, kuma kana iya kamawa tun kana gida hankali kwance. Amma fa da tsada, a Madrid ko Barcelona mai abinci kan kai yuro 1,000 a wata ko ya wuce. Sannan abincin nan da ka biya, rabinsa kallo za ka bi shi da shi. Mutanen nan ba sa wasa da naman alade, za ka ga an zubo wake ko lentil kana murna sai ka tsinci yankan chorizo, wato sausage ɗin alade, a ciki, hatta wasu biskit da kek da kitsen alade ake yinsu, in ka ga an rubuta manteca de cerdo a jikin leda to ajiye musu kayansu. Ga lokacin cin abincinsu, na rana sai ƙarfe 2 zuwa 3, na dare kuwa 9 ko 10, kuma in azumi ya zo babu mai buɗe maka kicin da asuba don ka yi sahur.

Zama da iyali ba zan ɓata lokaci a kai ba. Yana gyara baki da sauri tunda dole ka yi Sifaniyanci safe da dare, sai dai gidan wani ne, dokarsa ce, ga kare a falo a gidaje da yawa. Wata ɗaya ko biyu ya isa.

Gidan haɗaka, wanda suke kira piso compartido, shi yawancin ɗalibai ke kamawa kuma ni ma shi zan ce ka kama. Ɗakinka naka ne, kicin da banɗaki ne ake rabawa tsakanin mutum uku ko huɗu, kowa da layinsa a firij. Ka sayo shinkafa da taliya da ƙwai a Mercadona ko Lidl, nama kuma ka je wajen mahautan halal, galibinsu 'yan Maroko ne, ka dafa abin da ranka ke so. Tukunyarka da wuƙarka dai ka ware su, ka faɗa wa abokan zama tun ranar farko cikin raha, yawanci suna ganewa.

To amma gari shi ne ke yanke farashi. A Madrid da Barcelona ɗaki ɗaya tal yakan haura yuro 500, a Granada ko Salamanca kuwa da wajen 300 za ka samu mai kyau, kuma garuruwa ne da ɗalibai suka cika su, jami'ar Salamanca tun 1218 take ta Granada kuma 1531. Granada ta fi min, da ƙafa za ka yi yawancin zirga-zirgarka, ga babban masallaci a unguwar Albaicín da aka buɗe a 2003, ga shagunan shayi da na halal a gangaren unguwar. Madrid ma tana da nata, akwai masallacin M-30, akwai unguwar Lavapiés inda za ka samu shagunan 'yan Senegal da kayan miyar Afirka, kuma ɗan ƙasa da shekara 26 yana da katin Abono Joven na shiga jirgin ƙasa da bas duk yankin a kuɗi kaɗan. Barcelona kuwa ka bincika tukuna, wasu darussan da Katalanci ake yinsu ba Sifaniyanci ba.

Abin da mutane ke mantawa shi ne sanyi. Granada a gindin dutsen Sierra Nevada take, sanyin Janairu ya sa na hunturun Jos a aljihu, kuma tsofaffin gidaje da yawa ba su da na'urar ɗumama gida, sai ka kunna hita ka ga bil ɗin wuta ya yi sama. Don haka ka tambaya ko gastos incluidos ne, wato an haɗa wuta da ruwa da gas a cikin kuɗin haya, in ba a haɗa ba sai ka ce a nuna maka bil ɗin watan sanyi.

Sai takardu, kuma nan ne ɗaki mai arha kan zama tsada. Ka tabbatar za a ba ka kwantiragi a rubuce kuma mai gida ya yarda ka yi rajistar adireshi a ofishin ƙaramar hukuma, empadronamiento ke nan, don ana yawan neman takardar lokacin da za ka karɓi katin zama na TIE, wanda duk mai karatun da ya wuce wata 6 sai ya nema cikin watan farko da shigarsa. Akwai masu ba da hayar ɗaki a bayan fage da za su ce maka babu rajista, kar ka ko tsaya ciniki. Kuɗin ajiya wata ɗaya ne a hayar gida ta dindindin, amma a kwantiragin ɗalibai na Satumba zuwa Yuni ana iya neman wata biyu, ka karɓi rasit, ka ɗauki hoton kowane bango da katifa ranar da ka shiga.

A shafukan intanet na Idealista da Fotocasa ake duba ɗakuna, kuma 'yan damfara ma can suke kwana. Wanda ya ce ya yi tafiya ka turo kuɗi zai aiko da makulli, ɓarawo ne. Gara ka kama masaukin wucin gadi na sati biyu ko uku, ka zo farkon Satumba ko ma ƙarshen Agusta, ka bi gidajen da ƙafarka ka buɗe famfo ka ga ruwan zafi na zuwa, ka leƙa kicin ka ga yadda masu gidan ke barin kwanuka, sannan ka sa hannu.