iNaturalist: manhajar da ta gano min farin malam-buɗe-littafin dajin Epping

Manhajoji kaɗan ne nake yaba wa, amma iNaturalist ta ci yabo. Kyauta ce. Ka ɗauki hoton ƙwaro ko tsiro ka ɗora, ta kawo maka sunayen da take zato, sannan masana daga ko'ina su duba su tabbatar ko su gyara. Ɗalibai ne suka fara ta a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2008.

Na gwada ta a dajin Epping, gefen Landan, a watan Yuni. Ina ratsa ƙananan bishiyoyin birch sai wani ɗan farin malam-buɗe-littafi, irin masu fitar dare, ya tashi ya sauka ƙarƙashin ganye ya shimfiɗa fikafikansa. Faɗinsa bai wuce santimita 3 da 'yan kai ba. Fari fat, da layuka uku sirara masu ruwan toka a fiffiken gaba, biyu a na baya.

Manhajar ta kawo sunaye biyu, Cabera pusaria da ɗan'uwansa Cabera exanthemata. Nan ne na ga amfanin mutanen da ke cikinta. Wani ya yi min bayani cewa na biyun farinsa da ratsin ɗorawa yake, layukansa kuma sun fi lanƙwasa, nawa ko kusan a miƙe suke. Pusaria ne ke nan, wanda Linnaeus, masanin halittu ɗan ƙasar Sweden, ya raɗa wa suna tun 1758. Namiji ne ma, don ƙahonninsa masu geza ne.

Tsutsarsa ganyen birch da alder take ci, shi ya sa na same shi a wurin. Tana tafiya tana gantsare baya kamar mai auna yadi da taƙi. In sanyi ya shigo sai ta ƙunshe ta yi shiru, sai wajen watan Mayu ta fito da fikafikai.

Shawarata: ɗauki hoton daga sama, fikafikai a buɗe, kada ka kashe bayanin wuri da kwanan wata da waya ke haɗawa da hoton. Kuma kada ka riƙe sunan farko da na'ura ta ba ka, jira mutane su sa baki. Ba ta koyon wani nau'i sai an tara hotunansa da yawa, saboda haka mai gwada ta a Falgore ko Yankari zai iya samun sunan dangi kawai. Ya ɗora dai, da irin hotonsa take koyo.