Mainz ko Wiesbaden: a ina ya kamata baƙo ya sauka?

Masu shirin zuwa karatu ko aiki a yankin Frankfurt na ƙasar Jamus sun sha tambayata wanne za su zaɓa tsakanin Mainz da Wiesbaden, birane biyu da kogin Rhine kaɗai ya raba, ko da yake kowannensu babban birnin jiharsa ne: Mainz ta Rheinland-Pfalz, Wiesbaden kuwa ta Hessen.

Ta fuskar karatu, Mainz ta yi wa maƙwabciyarta fintinkau, domin a can jami'ar Johannes Gutenberg take, wadda aka kafa a 1477, kuma ɗalibanta ne ke raya garin dare da rana. Kamfanin BioNTech mai haɗa magunguna da alluran rigakafi da gidan talabijin na ZDF ma a can suke. Wiesbaden garin ma'aikatan gwamnati ne, inda hukumar ƙididdiga ta tarayya take, ga kuma maɓuɓɓugan ruwan zafi da mutum zai ga tururinsu yana tashi a tsakiyar gari lokacin hunturu.

Kuɗin haya ba sauƙi a ko'ina, don haka kada kowa ya sa rai da araha. Sufuri ne ya bambanta su: Mainz tana da taragon cikin gari, alhali mutanen Wiesbaden sun ƙi amincewa da shi a ƙuri'ar raba-gardama ta 2020, sai bas suke hawa. Jirgin ƙasa mai lamba S8 dai yana kai mazauna garuruwan biyu filin jirgin saman Frankfurt.

Ɗalibi da mai son hada-hada, a ganina, Mainz ta fi dacewa da su. Mai iyali da ke neman natsuwa da wuraren shan iska zai fi sakewa a Wiesbaden.